Kafa da Ƙafa

Shekara talatin da biyar na yi ina gyaran rubutun 'ya'yan mutane da jan alƙalami, kuma har yanzu da idanuna suka yi rauni ba na iya ratsa unguwar Wunti a nan Bauchi ba tare da na hango allon shagon da aka ci amanar wani harafi a kansa ba. Tela zai rubuta "dinki", mai walda ya rubuta "aikin karfe", ba wanda abin ya dama sai ni. A makarantar mishan inda aka koya mini karatu, ƙugiyar nan da ake lanƙwasawa a kan ƙ da ɗ da ɓ ba ado ba ce. Malaminmu, wani dogon mutum mai farin gajeren wando, ba ya duka kuma ba ya tsawa. Idan ka bar ƙugiya ɗaya, sai ya ja layi a ƙarƙashin kalmar, ya rubuta kalma guda a ƙasan shafin: "Sake." Ka sake shafin gaba ɗaya, tun daga kwanan wata. Na ƙaunaci mutumin nan. Na ɗauki kalmarsa na shiga duniya da ita, na zama malami, na zama hedimasta, na kai ta har cikin gidana.

Ina da 'ya mace, ita ce ta fari a cikin 'ya'yana, kuma ita kaɗai ta rage a Bauchi. Ta haura hamsin yanzu, ma'aikaciyar jinya ce, gidan mijinta yana Gwallameji. Tana ɗingishi da ƙafar hagu. Tun da mahaifiyarta ta rasu, kowace Lahadi bayan an tashi daga sujada takan zo mini da abinci da magungunan mako. Takan gaishe ni a durƙushe duk da ƙafar, ta share ɗaki, ta auna mini hawan jini, ta tafi. Ban taɓa jin kalmar rashin kunya daga bakinta ba. Amma tun tana da shekara goma sha biyu ba ta sake rubuta mini ko layi ɗaya ba. Idan tana da magana, sai ta kira a waya. Ko a jikin kwalin magani ba ta rubuta "safe" ko "yamma". Sai ta ja sanda ɗaya, ko biyu, kamar yadda ake yi wa wanda bai yi karatu ba. Na haura tamanin, kuma abu ɗaya nake nema kafin a rufe ni da ƙasa: yarinyar nan ta daina yi mini ladabi irin na baƙo, ta yafe mini.

Ga abin da ya faru, yadda na riƙe shi a raina tsawon shekaru. Muka kai ta makarantar kwana ta 'yan mata, tafiyar rabin yini a mota daga Bauchi. A zangon farko wasiƙarta ta iso ofishina. Shafi ɗaya ce, da fensir. Bayan gaisuwa ta rubuta: "Baba, na taka kusa a gonar makaranta, kafata tana ciwo, ta kumbura." Na ɗauki jan alƙalami. Na ja layi a ƙarƙashin "kusa", na rubuta a gefe cewa kusa kishiyar nesa ce, ƙusa ita ake takawa. Na ja layi a ƙarƙashin "kafata", na rubuta cewa kafa rami ce, ƙafa ita ce gaɓar jiki. A ƙasa na sa "Sake", na mayar mata a ambulan. Da na koma gida mahaifiyarta, wadda karatunta bai yi nisa ba, ta tambaye ni abin da yarinya ta ce. Na ce tana gaishe ta. Bayan 'yan makonni makaranta ta aiko da saƙo cewa an kwantar da ita a asibiti. Ciwon ya riga ya ci ƙashi. Ba a yanke ƙafar ba, amma idon sawun bai sake lanƙwasuwa ba har yau.

Mai karatu zai tambaya yadda mutum ke zama da abu irin wannan shekara arba'in yana cin abinci yana ƙoshi. Amsar da zan bayar ba za ta yi wa masu sana'ar fim daɗi ba. Silima ce ta taimake ni.

Ni ma'abocin kallo ne tun ina saurayi, ko da yake ban taɓa bari ɗalibaina su sani ba. Na ga majigi a fili, na ga finafinan Indiya a gidan silima marar rufi da ke cikin gari, inda ake zama a benci ana ɓare gyaɗa. Daga baya finafinanmu na Hausa suka zo a kaset, sannan a faifai, yanzu kuma ga su a talabijin ba dare ba rana. A cikin waɗannan duka na ga mugun uba ya fi a ƙirga, kuma kullum mutum ɗaya ne aka canza masa riga. Idanunsa ja ne. Ko dai yana riƙe da kwalba, ko dorina, ko ya dawo daga caca. Muryarsa tana girgiza ƙofa. Yakan kori yaro daga gida, kuma ba ya korarsa sai ana ruwan sama. Kafin ya shigo ma kiɗa ya riga ya sanar da kai cewa mugu na tafe, don kada ka yi kuskure ka gaishe shi. Yaron kuwa kuka yake yi da ƙarfi, hawaye har haɓa, yana faɗin abin da ke damunsa cikin jimloli cikakku, yadda makwabta za su ji su kawo ɗauki.

Nakan kalli wannan uban in tashi da kwanciyar hankali. Ban taɓa ɗaga hannu a kan yaro ba, nawa ko na wani. Ban taɓa kai giya bakina ba. Muryata ba ta taɓa wuce ɗakin da nake ba. Duk fim ɗin da na kalla jarrabawa ce da na ci ba tare da na zauna ba. Da a ce ko sau ɗaya an nuna mini uba mai tsabtar riga, mai zuwa sujada da wuri, mai biyan kuɗin makaranta kafin a tambaya, yana lalata yaro da murya mai sanyi, wataƙila da na gane fuskata tun da sauran lokaci. Ba a nuna ba. Kuma ba a taɓa nuna mini irin yaron da na sani ba, wanda idan an cuce shi ba ya kuka, sai ya ƙara ladabi.

Shekarar da ta wuce wani tsohon ɗalibina ya zo gidana. Mutum ne mai kusan hamsin, ya yi tumbi, ya zama daraktan fim. Ya cire takalmi tun daga bakin ƙofa, ya zauna a ƙasa ko da na nuna masa kujera, ya ajiye wani tulin takardu a gabana.

Ya ce, "Baba Hedimasta, labarin sabon fim ɗinmu ne. Gidan talabijin sun ce Hausarmu ta yi yawan kwaɗo, a nemo wanda zai duba. Na ce ai ni na san inda maganinta yake. Har yau in na ga jan biro sai gabana ya faɗi."

Na ce, "Da gabanka ya faɗi yadda ya kamata, da ba ka rubuta sunan fim ɗin da kuskure biyu a bango ba."

Ya yi dariya har da buga cinya. "Ka gani ko? Ko buɗewa ba a yi ba an fara."

Na karɓi aikin. Kwana huɗu na yi a kansa. Labarin wani mahaifi ne da 'yarsa, kuma mahaifin shi ne dai tsohon abokina mai jan ido: kwalba a fitowa ta farko, mari a ta uku, ruwan sama a ta tara. Na gyara haruffa, na gyara jinsi inda aka mayar da mace namiji, kamar yadda ake yi a garin nan ba kunya. Da ya dawo na miƙa masa takardun, na ce Hausar ta gyaru amma labarin ƙarya ne.

Ya ce, "Ƙarya kuma, Baba? Irin waɗannan iyayen suna nan cike da gari."

Na ce suna nan, amma ba sa kallon fim su gane kansu, don sun riga sun san ko su wane ne. Wanda yake bukatar a nuna masa kansa shi ne wanda unguwa ke yi wa kallon mutumin kirki. Sai na ba shi labarin wasiƙar. Na ce wani mutum ne da na sani. Ban taɓa faɗa wa kowa ba kafin ranar, kuma na lura muryata ba ta yi rawa ba, kamar ina karanta sanarwa a taron iyaye.

Ya saurara yana wasa da makullin mota. Da na gama ya ce, "Wannan mutumin, yana sha?"

"Bai taɓa ba."

"Yana da wata a waje da ta ɗauke masa hankali?"

"Ba shi da kowa."

"Ko dai yana zargin yarinyar ba tasa ba ce?"

"Tasa ce, kamarsu ɗaya."

"To, Baba, me ya sa ya yi haka?"

Na ce, "Saboda ta bar ƙugiya."

Ya dube ni ya ga ba wasa nake ba, amma duk da haka dariya ta ƙwace masa. Ya ce in yi haƙuri. Ya ce, "Baba, in na sa wannan yadda ka faɗa, mutane za su ɗauka barkwanci ne. Kyamara ba ta ganin zuciya, sai an ɗaga hannu take gani. Mata suna kallo suna tsinke alayyafo, yara na ihu, wuta na ɗaukewa. In mugu bai yi tsawa ba, wa zai san mugu ne? Amma wasiƙar nan ta yi. Wasiƙa da ƙafa. Wannan zan sa, in ka ba ni izini."

Na ba shi izini, kuma dole in faɗi dalilina, don ba mai kyau ba ne. Na yi tunanin idan abin ya fito a fim, zan zauna da 'yata mu kalla tare, ta ga na sani, na ga ta gani, a wuce wurin ba tare da na buɗe baki ba. Na so kyamara ta yi mini tuban da ya kamata harshena ya yi. Sharaɗi ɗaya na gindaya masa: ni zan rubuta wasiƙar da za a nuna, da hannuna.

Ban san rubuta kuskure da gangan yana da wuya haka ba. Na sami fensir da takarda mai layi, na kwaikwayi rubutun yara. Sau uku hannuna yana sa ƙugiya a kan "kafata" ba da sanina ba, sai in yaga in sake. A karo na huɗu na riƙe wuyan hannuna da ɗaya hannun har na wuce kalmar. Sannan na ɗauki jan alƙalami na yi gyaran, kuma wannan bai ba ni wahala ko kaɗan ba.

A wajen Gubi suka ɗauki fim ɗin, a wani gida da suka ara kusa da gonaki. Ya gayyace ni, ban je ba. Bayan wata biyar ya aiko mini da shi a ɗan abin nan da ake sokawa a jikin talabijin. Ban kalla ni kaɗai ba. Ranar Lahadi na ce wa 'yata yau ni zan bi ta gida, akwai fim ɗin da na yi wa gyaran harshe, ina so mu gani tare. Ta yi mamaki, amma ba ta nuna ba sai da gira. Muka hau keke mai ƙafa uku zuwa Gwallameji. Mijinta ya tafi taron maza na majami'a, gidan ba kowa. Ta kawo mini ruwa, ta sa mini matashi a baya, ta zauna a kujerar nesa ta miƙe ƙafar a kan ɗan tebur, yadda take yi idan ta gaji. Rana ce tsaka, ta sauke labule don hasken ya ragu.

Wasiƙar ta fito bayan kusan awa ɗaya. Yarinyar fim ta rubuta ta tana kuka, kiɗa na tashi. Aka kawo wa uban yana zaune a mashaya. Ya karɓa, ya dubi ambulan, ya ce ba shi da 'ya, ya yayyaga ta ya watsa a kwata, abokansa na dariya. Ko buɗe ta bai yi ba. Takardar da na sha wahala a kanta ba a ga harafi ɗaya daga cikinta ba. Daga nan aka yanke ƙafar yarinyar tun daga gwiwa, don ɗingishi bai isa abin kallo ba. A ƙarshe uban ya yi hatsari, ya farka a asibitin da take kwance, ya ja jiki zuwa gadonta yana kuka yana dukan ƙirji. Ta ɗora hannu a kansa ta ce ta yafe masa duniya da lahira. Tsakanin roƙonsa da yafewarta ban ƙirga daƙiƙa goma ba. Aka yi waƙa. Sunaye suka fara hawa, nawa a ciki, an gode mini da gyaran harshe da kuma "ƙarin labari".

'Yata ta karanta wannan layin. Na ga idonta ya tsaya a kansa har ya wuce. Ta kashe talabijin. 

Na ce, "Sun ɓata shi. Ba haka na ba su ba."

Ta ce, "Ai wannan uban ya fi sauƙi, Baba."

"Ta wace hanya?"

"Shi bai karanta ba."

 Ta sauke ƙafar daga tebur a hankali, ta gyara ɗankwalinta, sannan ta tambaye ni cikin muryar da take tambayata ko na sha magani: "Baba, wasiƙa nawa ka gaya musu?"

Na ce, "Ɗaya. Ai ɗaya ce."

Ta dube ni na ɗan lokaci. Ba fushi a fuskarta. Irin kallon da ma'aikatan jinya ke yi wa majinyacin da ya ce ya sha magani alhali kwalin yana cike ne. Ta tashi ta shiga ɗaki. Ina jin takunta a kan tayil, ɗaya mai nauyi ɗaya mai ja, sautin da na yi shekara arba'in ina koya wa kunnena kada ya ji. Ta dawo da wani tsohon littafin koyon jinya, ta buɗe tsakiyarsa, ta ciro takarda biyu da suka yi ruwan ƙasa. Ta miƙa mini da hannu biyu.

Ta farko na san ta. Ga layukana biyu, ga bayanina a gefe, ga "Sake". Ta biyu kuwa da tawada aka rubuta ta, an ja layin gefe da rula, kwanan wata a inda ya kamata. "Baba, na taka ƙusa a gonar makaranta. Ƙafata tana ciwo, ta kumbura, yanzu tana fitar da ruwa, ba na iya sa takalmi. Ina roƙonka ka zo." Kowace ƙugiya tana wurinta, an lanƙwasa ta da kulawa, har an ɗan danna alƙalami a kanta don kada a ce ba a gani ba. A ƙasa, da jan alƙalami, da rubutun da ba zan iya musun nawa ne ba, an sa: "Daidai. Ci gaba da haka."

Ta ce, "Ka ce in sake, na sake. A kwance na rubuta ta, wata 'yar ajinmu ta riƙe mini littafi a ƙasa. Sau biyar na kwafa kafin ta fita ba kuskure. Na ɗauka in ta fita daidai za ka zo."

A lokacin ne abin ya dawo mini, kuma ya dawo duka. Na tuna ranar da ta iso. Na tuna farin cikin da na yi. Na tuna na ɗauke ta na shiga ɗakin malamai, na nuna wa malamin Hausa, na ce ya dubi abin da gyara ɗaya ke yi wa yaro mai hankali. Ya karanta, ya dube ni, ya buɗe baki kamar zai yi magana, sannan ya ce rubutun ya yi kyau ƙwarai, ranka ya daɗe. Ni ne hedimastansa. Na mayar da ita a ambulan da yammacin ranar, ina jin na yi aikin uba.

Shekara arba'in na riƙe labarin da wasiƙa ɗaya a cikinsa. Mai wasiƙa ɗaya mutum ne da sana'arsa ta rufe masa ido sau ɗaya, ana iya tausaya masa. Ban yi ƙarya ga daraktan da gangan ba. Na yanke fitowa ta biyu tun da daɗewa, na jefar, na haɗa bakin labarin yadda ba a ganin tabo. Ni da nake zagin masu fim don sun ƙara wa mugu kwalba, ashe na riga su iya aikin, sai dai su ƙari suke yi, ni ragi.

Na ce, "Me ya sa kika ajiye su?"

Ta ce, "Da farko don in nuna wa Mama in na warke. Sai na ga in ta sani ba za ta iya zama da kai ba, kuma ba ta da inda za ta. Daga baya kuma na ajiye don kaina. Wani lokaci nakan ce ko ni na ƙirƙira, sai in buɗe in gani."

Ashe mahaifiyarta ta mutu tana ganin makaranta ce ta yi sakaci. Ni ma haka na bar ta ta ɗauka, har na taya ta faɗa.

Na yi niyyar durƙusawa, amma na tuna mutumin fim yana jan jiki yana dukan ƙirji, sai abin ya zama mini wasan kwaikwayo tun kafin in fara. Wannan ma yana cikin abin da masu fim suka ƙwace mana: sun yi tuba a gaban kyamara har ya tsufa, wanda ya zo yi da gaske sai ya ji kamar kwaikwayo yake. Na zauna a inda nake, takardun a cinyata, na ce, "Na cuce ki. Ki gafarta mini."

Ta ce, "Na ji, Baba."

Na jira sauran. Ba sauran. Ta karɓi takardun, ta mayar cikin littafin, ta dubi agogon bango ta ce lokacin maganina na rana ya wuce, bari ta kawo abinci in sha a kai. Ta kawo tuwo da miyar kuka, ta zauna har na ci. Da la'asar ta raka ni bakin titi, ta tsayar da keke, ta yi ciniki, ta gaya wa mai keken ya bi a hankali da tsoho, ya sauke ni a ƙofar gida ba a bakin layi ba.

Daraktan ya kira ni bayan kwana biyu yana murna. Ya ce fitowar wasiƙar ita ce mutane suka fi magana a kai, mata har kuka suke yi. Ya ce, "Baba, ka ga abin da na gaya maka? Da mun bar shi da biro, wa zai yi kuka?" Na ce ya yi gaskiya, ba wanda zai yi. Ya tambaya ko akwai wani labarin irin wannan a wurin mutumin nan da na sani. Na ce mutumin ya ƙare.

Tun daga ranar ban sake kallon fim ba. Ba don na fi ƙarfinsu ba. Na san dai a wani gida a garin nan akwai mutum mai tsabtar riga yana kallon uban nan mai kwalba yana girgiza kai, yana gode wa Allah da bai yi shi haka ba, yarinyarsa kuma tana ɗaki tana kwafe wani abu karo na biyar. Fim ɗin da na sa hannu a ciki zai ƙara masa shekara guda ta kwanciyar hankali, kuma sunana yana ƙarshensa, an rubuta shi daidai.

Abin da ya rage mini shi ne abin da na iya. Na zauna na rubuta wa 'yata wasiƙa. Na faɗi komai: ta farko, ta biyu, ɗakin malamai, abin da na ce wa mahaifiyarta, da dalilin da ya sa na kai labarinta wurin masu fim ba tare da na tambaye ta ba. Na roƙe ta ta ba ni amsa a rubuce, ko layi ɗaya ne, ko zagi ne, da kowane irin rubutu. Na yi mata alkawari cewa jan alƙalamin na jefa shi a masai, kuma gaskiya ne. Shafi uku ta ci. Na karanta na ga wata jimla ta yi tsawo, na sake shafin. Na ga na maimaita kalma, na sake. Sai a kwafi na huɗu na lura da abin da nake yi, amma a lokacin ta riga ta fita tsaf, kuma ban iya sa kaina in aika da mai datti ba. Da ta zo ranar Lahadi, na sa ta a cikin kwandon da take kawo abinci, ƙarƙashin kwano, ta koma da shi gida.

Wata Lahadin ta zagayo, 'yata ta zo kamar kullum. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta share ɗaki, ta ɗaura mini abin awo a hannu, ta ce jinin ya ɗan sauka. Ta fito da kwalayen magani, ta ɗauki biro ta ja sanda ɗaya a wannan, biyu a wancan. Na bar ta har ta ɗauki jakarta, sannan na tambaya ko ta ga takarda a kwando.

Ta tsaya a bakin ƙofa, nauyinta a kan ƙafar dama. Ta ce, "Na gani, Baba. Na karanta har sau biyu. Babu kuskure ko ɗaya."

Ta ce sai Lahadi, ta ja mini ƙofa.